Mashin ɗin Alhaji Maƙo ya mutu a dawa

(Tsakar rana, kan wata hanya da ba gida gaba ba gida baya. Yaro na tuƙi, Alhaji Maƙo na goye a baya, kuma mashin ɗin nasa ne. Ba su jima da tashi daga gindin wata bishiya inda suka tsaya gyara ɗaurin kaya ba, sai mashin ya yi tari sau biyu, ya yi tsit.)

ALHAJI: Kai, wa ya ce ka tsaya?

YARO: Ba ni na tsaya ba, Alhaji, shi ya tsaya.

ALHAJI: To ka tashe shi mana.

(Yaro ya shiga buga kik, yana bugawa yana haki.)

ALHAJI: A hankali! Kowane bugu ɗaya cin ƙarfen yake yi. Kik ɗin nan ba gadon gidanku ba ne.

YARO: Ranka ya daɗe, ina jin mai ne ya ƙare.

ALHAJI: Wane mai? Wanda na sa ranar Laraba?

YARO: Yau fa Litinin.

ALHAJI: To ai ko mako bai cika ba.

(Sai ga Ɗan Boko tafe a ƙasa, fararen kaya fes, tabarau a ido, ya ɗaga waya sama yana neman sabis. Da ganin mashin a tsaye fuskarsa ta washe, don ya samu ɗalibai.)

ƊAN BOKO: Sannunku. Na ga alamar matsalar inji. Kun yi sa'a da kuka haɗu da ni.

ALHAJI: Kai bakanike ne? In bakanike ne, ka sani ba mu kira ka ba, da ƙafarka ka zo.

ƊAN BOKO: Na fi bakanike, Alhaji. Shi gyara kawai ya iya, ni na san asalin abin. Babur na farko mai aiki da fetur a Jamus aka ƙera shi, shekarar 1885. Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach. Jikinsa ma na katako ne, da wasu ƙananan tayoyi biyu a gefe don kada ya faɗi.

ALHAJI: Na katako? Ka ji abin arziki. Da shi na samu, ranar da ya mutu sai a fasa a yi wuta.

YARO: Malam, kana da sifanar fulogi?

ƊAN BOKO: Zan zo kan wannan. Injin mashin ɗinku bugu huɗu yake yi, tsarin da Nikolaus Otto ya kafa a 1876. Fistin ya sauka ya shaƙi mai da iska, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi su kama da wuta su turo shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. Saboda haka abu uku yake nema: mai, iska, wuta. Kuma a ma'aunin nauyi, kashi 14.7 na iska yake so ga kashi 1 na fetur.

ALHAJI: Tsaya, tsaya. Iska ta fi man yawa?

ƊAN BOKO: Nesa ba kusa ba.

ALHAJI: Kai yaro, kana ji ko? Shekara da shekaru kana cewa in sayi mai, ashe iska yake so. Ga ta nan cike da dawa, kyauta. Ƙara masa.

YARO: Malam, don Allah riƙe min mashin ɗin in duba ƙasa.

ƊAN BOKO: Ka ga kayana farare ne. Amma ina tare da kai a tunani. Af, Alhaji, ina hular kwanonku?

ALHAJI: Tana gida cikin ledarta.

ƊAN BOKO: A gida? Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2023 cewa mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma masu babur na cikin waɗanda abin ya fi ci.

ALHAJI: Shi ya sa na ajiye ta. In na sa ta muka faɗi, ai ta fashe.

(Daga gaba aka ji ƙugin wani mashin. Matafiyi ne, ya sha ƙura har gira, da ƙunshin kaya ɗaure a baya. Ya wuce su fuu, can sai ya rage gudu, ya juyo. Alhaji ya zare jakar kuɗi daga aljihu ya cusa ƙarƙashin hula.)

ALHAJI: Yaro, mun shiga uku. Ya wuce ya dawo. Mai hankali ba ya ƙona mai sau biyu a kan hanya ɗaya sai da wata manufa.

MATAFIYI: Salamu alaikum. Sannunku da rana. Lafiya dai?

ALHAJI: Lafiya lau! Hutawa muke yi.

MATAFIYI: A cikin wannan ranar, Baba?

ALHAJI: Likita ya ce in riƙa sha.

YARO: Yaya, mutuwa ya yi. Muna cikin tafiya ya yi tari ya ɗauke.

MATAFIYI: Bari mu gani.

ALHAJI: Kafin ka gani, a yi magana. Gani nawa ne, taɓawa nawa ne?

MATAFIYI: Haba Baba. Ni ma na taɓa kwana a hanya da mashin. Matsa kaɗan.

(Ya ciro sifana daga ƙarƙashin sirdinsa, ya kwance fulogi, ya goge bakinsa da tsumma, ya mayar da shi cikin hular fulogin ya ɗora gindinsa a jikin inji.)

MATAFIYI: Ƙanena, buga kik. Yawwa. Ka ga tartsatsi shuɗi? Wuta lafiya take. Amma fulogin a bushe yake ƙayau, mai ba ya iso masa.

ƊAN BOKO: Daidai da nazarina. Mai, iska, wuta. Saura biyu.

MATAFIYI: (ya girgiza mashin ya kasa kunne a tanki) Akwai ɗan abin da ke motsi, amma ko kaza ba zai ishe ta kurkure baki ba. Makunnin mai a buɗe yake?

YARO: A buɗe yake, da hannuna na buɗe shi da safe.

MATAFIYI: To bari in tsiyayo muku daga nawa.

(Ya koma wurin mashin ɗinsa da gorar roba. Ya murɗa makunnin mai ya rufe, ya zare tiyo daga kafireto, ya sa bakinsa a gora, ya sake buɗewa. Alhaji na ganin hannun nan ya murɗa makunni, sai wani abu ya faɗo masa a rai. Ya saci kallon gefen hagu na nasa mashin, ya haɗiyi yawu, ya matsa a hankali ya tsaya daidai wurin, ya baza riga. Mai kunya da a nan zai yi magana. Amma Alhaji ya ga fetur na zuba a gora.)

ALHAJI: Bawan Allah, gorar ba ta cika ba.

YARO: Alhaji!

ALHAJI: Me na ce? Tunda ya fara alheri, a bar shi ya kammala. Kada mu rage masa lada.

MATAFIYI: (yana dariya) Ai kuwa gaskiyar Baba. Ga shi nan, zai kai ku gari har da saura.

(Aka juye mai a tanki. Yaro ya buga kik har gumi ya jiƙa masa riga. Shiru.)

MATAFIYI: Ikon Allah. To sai turi. Ƙanena, hau. Sa giya ta biyu, riƙe kuloci, in mun ɗauki gudu na ce saki, ka saki. Malam mai tabarau, zo ka kama nan.

ƊAN BOKO: Ni zan tsaya daga gefe in riƙa lura da saurin. Wani abin sha'awa, Honda Super Cub da aka fara ƙerawa a Japan a 1958, zuwa 2017 an yi fiye da miliyan 100. Babu abin hawa mai inji da aka ƙera da yawa kamarsa.

MATAFIYI: Allah ya ƙara ilimi. Baba, kai koma inuwa, ni kaɗai na isa.

ALHAJI: A'a, a'a! Ni zan kama ta hagu. Mashina ne, ni na san inda yake jin turi.

YARO: Alhaji, yau kai ne da turi? Ko tsintsiya ba ka ɗagawa a gida.

ALHAJI: Rufe min baki ka riƙe kuloci.

(Haka aka ɗauki hanya, Matafiyi na turi ta baya, Alhaji na gudu a karkace ta hagu, hannu ɗaya a tanki, ɗaya dafe da hula, riga na rufe abin da take rufewa. Aka saki kuloci, mashin ya yi gurnani ya mutu. Aka koma, aka sake. A na ukun takalmin Alhaji ɗaya ya yi nasa wuri.)

ALHAJI: (yana numfashi sama-sama) Wayyo ƙirjina. Bawan Allah, ko za ka ƙara masa mai kaɗan?

(Sai ga wata tsohuwa da ƙunshi a ka, tana dogara sanda, ta iso inda suke ba tare da ta yi sauri ba.)

IYA: Sannunku da aiki, 'ya'yan nan. Tun daga nesa nake ganin kuna kai shi kuna dawo da shi. Rawa kuke koya masa?

MATAFIYI: Sannu Iya. Ya ƙi tashi ne.

IYA: Ai ba zai tashi ba. Alhaji, ba kai ne ɗazu a gindin bishiya ba? Ina zaune a bayanta ina hutawa. Da yaron nan ya juya yana ɗaure kaya, na ga ka sunkuya ka murɗa ɗan abin nan na ƙarƙashin tanki.

ALHAJI: Iya, tsufa ya fara taɓa miki ido.

IYA: Idona ras. Jikana ma haka yake rufe nasa in zai kwanta, amma shi da safe yana buɗewa. Ɗaga rigar mu gani.

(Alhaji bai ɗaga ba. Iya ta sa sanda ta ɗaga masa. Makunnin mai a rufe gam.)

YARO: Innalillahi! Alhaji!

ALHAJI: To tsayawa muka yi! Mashin na tsaye, mai na zaune a buɗe, in ya tsiyaye wa zai biya? Kai?

ƊAN BOKO: Dama abin da nake shirin faɗa kenan. A ƙasan kafireto akwai ɗan kofi da ke riƙe mai kaɗan. Ko an rufe makunni, inji zai ci gaba da shan wannan, ya ɗan yi tafiya, sannan ya mutu. Alamomin duk sun nuna.

IYA: Kai kuma ɗan nan, da ka sani me ya hana ka faɗa?

ƊAN BOKO: Ina bin matakai ne, Iya.

(Yaro ya murɗa makunni, ya ɗan jira, ya buga kik sau biyu. Mashin ya kama da ƙara. Matafiyi ya zauna a bakin hanya yana dariya har da riƙe ciki.)

YARO: Yaya, ka yi haƙuri. Kawo gorar in mayar maka da manka.

ALHAJI: Kai! Kyauta ba ta komawa. Kana so ka ɓata masa niyya?

MATAFIYI: Bar shi, ƙanena, na riga na bayar. Dariyar nan ma ta biya ni.

(Alhaji ya kai hannu kan hula don ta karkace.)

MATAFIYI: A'a Baba, wallahi kada ka ciro komai.

ALHAJI: To tunda ka rantse. Yaro, kai shaida ne, ya rantse.

(Matafiyi ya mayar da sifanarsa, ya yi musu sallama, ya kama hanyarsa ta inda suka fito. Ko sunansa ba wanda ya tambaya.)

ALHAJI: Mutumin nan bai kwanta min ba. A ce mutum ya ba da mai, ya wanke fulogi, ya yi turi, ya tafi hannu wofi? Yaro, ƙirga kayanmu.

YARO: Sun cika. Iya, ina za ki?

IYA: Mararrabar gaba, ɗan nan. Tun hantsi nake tafe.

YARO: Hau in kai ki.

ALHAJI: Hau ina? Mutum uku da kaya? Tayar baya za ta cinye, sarƙa ta saki.

YARO: Gaskiyarka, Alhaji, uku sun yi yawa. Ka jira a nan, in sauke ta in dawo.

ALHAJI: Zuwa da dawowa? Da man wa?

YARO: Da na bawan Allah. Naka tun Laraba yake, ba zan taɓa shi ba.

(Kafin Alhaji ya haɗa amsa, Iya ta miƙa wa Yaro ƙunshi, ta hau ta zauna daram. Mashin ya bar su da ƙura.)

ALHAJI: Kai! In ka zo gangara ka kashe shi!

ƊAN BOKO: Ba laifi, Alhaji, mun samu lokaci. Bari in ɗauko maka tarihin taya tun daga John Boyd Dunlop, likitan dabbobi ne fa, a 1888...

(Alhaji ya waiga gabas ya waiga yamma, takalmi ɗaya a ƙafa. Can ya hango wani mashin tafe, ya faɗa tsakiyar hanya yana ɗaga hannu biyu.)

ALHAJI: Bawan Allah! Bawan Allah, taimaka! Ka rage min hanya don Allah, ko zuwa mararraba!

ƊAN ACAƁA: (ya taka birki, ya dube shi sama da ƙasa) Mararraba? Hau mu je, Alhaji. Amma kuɗi hannu, kuma ba ni da canji.