Soriyasis a ƙarƙashin damatoskof: kowane wuri da kamanninsa

Ana cewa alamar soriyasis (cutar fata mai sa ja da ɓawo) a damatoskof, na'urar girmama fata don dubawa, ita ce jajayen ɗigo-ɗigo (ƙananan jijiyoyin jini) jere daidai, tare da farin ɓawo. Haka ne a gwiwa da gwiwar hannu, amma ba ko'ina ba.

A tafin hannu da tafin ƙafa fata na da kauri, ɗigon kan ɓuya, sai farin ɓawo kawai. A shafa mai ko jel, ɓawon ya jiƙa, jijiyoyin za su fito. Idan ɓawon rawaya ne, ɗigon kuma tsibi-tsibi, a fi zargin eczema, wata cutar fata mai ƙaiƙayi. A hammata da matsematsi akasin haka ne: danshi ya cinye ɓawon, ɗigon na nan sarai. A fatar kai ana ganin murɗaɗɗun jijiyoyi tsakanin gashi, saɓanin amosani mai maiƙo da jijiyoyinsa ke reshe kamar itace. Farce kuwa, ƙananan ramuka, tabo kamar ɗigon mai, siraran layukan jini, da jan layi a gefen inda farcen ya ɗago.

Kuskuren da ya fi yawa, a ganina, danna na'urar ne. Ana dannawa jini ya gudu, ɗigon ya ɓace, a ce babu komai. Na'urar hannu ninki 10 take girmamawa, ya isa, muddin an ɗora ta a hankali. A baƙar fata jan kan dushe ya koma ruwan ƙasa ko shunayya. Kuma a tambayi mara lafiya ko yana shafa man siteroyid (maganin shafawa mai rage kumburin fata), domin yana rage ɗigon.