A daina ɗora wa mai waya laifin masu ƙera manhaja

Duk sanda aka yashe asusun wani a Nima ko Sabon Zongo da ke Accra, huɗuba ɗaya ake yi mana a rediyo: kada ka faɗa wa kowa kalmar sirrinka. Mun ji. To wanda bai faɗa wa kowa ba fa, manhajar da ya amince wa ce ta ajiye kalmar tsirara?

Ƙa'idar aikin sananniya ce. Kamfani ba ya ajiye kalmar sirri yadda aka rubuta ta. Ana haɗa ta da wasu haruffa na daban ga kowane mutum, sannan a bi da ita ta lissafi irin bcrypt ko Argon2, kamar masarar da ta shiga injin niƙa: gari ba ya komawa tsaba. In ka zo shiga, a niƙa abin da ka rubuta a gwada da garin da ke ajiye. A cikin wayar kuma, abin da ya kamata ya zauna shi ne shaidar shiga mai wa'adi, a ma'ajiyar sirri ta wayar, wato Keystore na Android ko Keychain na iPhone. Malalacin mai ƙera manhaja sai ya zuba kalmar kanta a fayil ɗin SharedPreferences, inda manhaja ke ajiye ƙananan bayananta ba kulle, ko a kundin da ke rubuta kurakurai. Wayar ta ɓata, ko a sayar da ita a kasuwar wayoyi ta Tip Toe Lane ba a goge ta da kyau ba, mai gwaninta ya iya tono kalmar.

Wai ƙananan kamfanoni ne kawai ke wannan sakaci? A 2018 Twitter ya ce wa masu amfani da shi kimanin miliyan 330 su canza kalmarsu, don an same ta a rubuce a kundin cikin gida. A 2019 Facebook ya amsa cewa ya ajiye na ɗaruruwan miliyoyin mutane a haka, kuma a 2024 hukumar kare bayanai ta Ireland ta ci Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, tarar Yuro miliyan 91. In masu dubban injiniyoyi sun yi haka, me kake zato game da manhajar bashin gaggawa da ba ta da ko ofis a Accra?

Masu cewa “ai ba kuɗi a wannan manhajar” ba su san yadda ɓarayi ke aiki ba. Yawancinmu kalma ɗaya muke sawa a Gmail da Facebook da manhajar banki, wani ma lambobin MoMo ɗinsa, wato asusun kuɗinsa na waya, ne a ciki. Ɓarawo ya samu ɗaya, sai ya gwada ta a ko'ina.

Akwai gwaji mai sauƙi. Danna wurin da ake cewa an manta kalmar sirri. In suka turo maka tsohuwar kalmarka, to suna iya karanta ta, ma'aikacinsu ma haka. Canza ta duk inda ka maimaita ta, ka rabu da su.

Ghana tana da Dokar Kare Bayanai tun 2012, lamba 843, wadda ta wajabta wa mai riƙe bayanan jama'a ya tsare su, ga kuma Dokar Tsaron Intanet ta 2020. Ya kamata Hukumar Kare Bayanai ta riƙa buɗe manhajojin nan tana duba inda suke ajiye kalmar sirri, ta ci masu sakaci tara, ta kuma faɗa mana sunayensu.