Kumasi da Kano: Abin da Kowa Ya Tsallake a Labarin Zuwan Turawa

Bahaushen da ya tashi a Kano ko Sakkwato labari ɗaya ya sani game da zuwan Turawa, wato mu aka ci da yaƙi. Kano ta faɗi a watan Fabrairun 1903, Sakkwato ta bi baya a watan Maris, sannan aka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi aka kashe shi a watan Yuli. Duk wannan gaskiya ne, amma wanda ya zauna a Kumasi cikin Tonawa, wato mutanen Asante, zai gane cewa rabin labarin kawai aka ba shi.

A tsakiyar garin nan akwai tsohon sansanin Turawa mai jan bango, wanda yanzu ya zama gidan tarihin sojojin Ghana. A cikinsa ne mayaƙan Yaa Asantewaa, basarakiyar da ta jagoranci boren Tonawa, suka yi wa gwamnan Turawa, Hodgson, ƙawanya a 1900, bayan ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya, wato kujerar sarautar da Tonawa suke tsarkakewa, ya zauna a kai. Sojojin da suka riƙe bindigogi a bayan wannan bango suna kare gwamnan, akasarinsu Hausawa ne, kamar yadda aka yi amfani da Hausawa a yaƙin 1874 da aka ƙone Kumasi. Rundunar da ta zo ceton gwamnan kuwa, ita ce dai wadda ta fasa ganuwar Kano bayan shekara uku. Saboda haka idan dattijon Batone yana ba jikokinsa tarihi, a gefen Bature yake ajiye Bahaushe. Dattawanmu na Zango su kuma sun fi son zancen fataken goro da kasuwar Salaga da malaman da suka yi wa sarkin Asante rubutu a fada, kuma ba ƙarya suke yi ba, zaɓe ne kawai suka yi.

Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce, su wane ne waɗannan sojoji? Da yawa daga cikin waɗanda wani hafsan Ingila mai suna Glover ya fara ɗauka soja a Legas wajen 1863 bayi ne da suka gudu daga hannun iyayengijinsu. Mutumin da aka kama aka sayar ba zai kalli faɗuwar masarauta da idon ɗan sarki ba, amma shi bai bar mana littafi ba, kuma ba wanda ya yi masa kirari.

Turawa sun san wannan rauni, sun kuma ci moriyarsa. A rahotanninsu, hana cinikin bayi ne ya kai su ƙasar Hausa, hana yanka mutane a bukukuwan sarauta ne ya kai su Kumasi. Zinariya da hanyoyin fatauci da tseren da suke yi da Faransa da Jamus kuwa sai a yi musu ambaton wucewa. Abin da ya tona asirin wannan ikirari shi ne, Lugard bai 'yanta bayin da ya tarar ba, dokarsa ta 1901 'ya'yan da aka haifa bayanta kawai ta 'yanta, kuma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936.

Abin da ya fi damuna shi ne Satiru. A nan Kumasi yaron firamare ya san sunan Yaa Asantewaa, a gida kuwa da wuya ka ji an ambaci talakawa da gudajjun bayin da suka yi tawaye a Satiru kusa da Sakkwato a 1906, aka shafe garinsu da goyon bayan fadar Sarkin Musulmi. Wanda ya rubuta tarihin yana kusa da fada, shi ya sa aka tuna Burmi aka binne Satiru.

Tonawan ma suna da nasu abin da suke tsallakewa. Dagomba da Gwanja sun daɗe suna biyan Asante haraji har da bayi, Fante kuma tare da Ingila suka yi yaƙin 1874, kuma wanda ya je Yendi ta Dagomba ko Cape Coast ta Fante ya tambayi faɗuwar Kumasi ba zai ji irin juyayin da ake yi a Manhyia, fadar sarkin Asante, ba.