Mai sikila a Jos ya fi buƙatar magani na kullum kan gangamin rana ɗaya

Duk shekara idan 19 ga watan Yuni ta zagayo, ranar masu ciwon sikila ta duniya, ƙungiyoyin agaji kan fito da riguna iri ɗaya, a kafa rumfa, a yi jawabai, a raba ƙwayoyin ƙarin jini da gidajen sauro, a ɗauki hotuna a watsa a Facebook. Da la'asar sai a naɗe tabarma. Uwar da ta zo da ɗanta daga Unguwar Rogo ko Gangare ta koma gida da maganin sati biyu, alhali ciwon da ke jikin yaron na tsawon rayuwa ne. Ba na zargin niyyar masu wannan aiki, da yawansu daga aljihunsu suke kashewa. Tsarin ne nake ganin bai dace da ciwon ba.

Abin da ya sa wannan ya fi damuna a Jos shi ne, a nan garin aka nuna wa duniya yadda aikin agajin lafiya ke cin nasara. Makantar da baƙin ƙudan bakin rafi ke haddasawa ta daɗe tana addabar ƙauyukan Filato da Nasarawa. Maganinta, Mectizan, kamfanin Merck ke bayar da shi kyauta tun 1987, amma 'ya'yan tsutsar da ke kawo cutar kawai yake kashewa. Uwar tsutsar takan rayu shekara goma zuwa goma sha biyar a jikin mutum, don haka dole a sha maganin kowace shekara har sai ta mutu don kanta. Cibiyar Carter, wadda ke da ofishi a Jos, tare da ma'aikatun lafiya, ta dogara da 'yan sa-kai daga cikin ƙauyukan. Kowane yana da littafin sunayen mutanen garinsu da sandar awon tsayi, wadda da ita ake sanin ko ƙwaya ɗaya mutum zai sha ko huɗu. Haka aka yi ta yi sama da shekara ashirin, har aka dakatar da rabon maganin a jihohin biyu a 2018 saboda cutar ta daina yaɗuwa. Babu wani abin burgewa a littafin suna da sandar awo, amma su suka yi aikin.

Sikila ma haka take, har ta fi. Ana ƙiyasta cewa kusan jarirai 150,000 ake haifa da ita kowace shekara a Najeriya, fiye da kowace ƙasa. A Jos kuma ga sanyi: garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma sanyin hunturu da ƙarancin shan ruwa na cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon ƙashi. Duk ƙungiyar da ke son taimakawa ya kamata ta fara da sanin abin da ke kashe waɗannan yara, domin ba ciwon ƙashin da ake gani ba ne ya fi kisa a ƙuruciya. Ƙwayoyin cuta ne da ke shiga jini saboda saifa ta daina aiki, da maleriya, da ƙarewar jini farat ɗaya.

Kariyar ba ta da tsada sosai, sai dai ba ta son yankewa. Yaro mai jinin SS, wato mai ciwon sikila, yana buƙatar fenisilin sau biyu a rana tun yana wata biyu ko uku har ya kai shekara 5, da folik asid, da maganin kariya daga maleriya, da cikakkiyar allurar rigakafi. Uwa kuma a koya mata abubuwa biyu da hannunta: yadda za ta laluba saifa a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu ta gane ko ta kumbura, da yadda za ta auna zafin jiki. Idan ma'auni ya nuna 38.5, asibiti za a tafi a daren, ba kemis ba. Ƙungiyar da ta saya wa iyaye ɗari ma'aunin zafin jiki ta kuma zauna ta koya musu karanta shi ta yi abin da rigunan taro ba za su yi ba.

Amma kafin duk wannan sai an san yaron yana da ciwon. Yawancin iyaye ba sa ganewa sai hannu da ƙafa sun kumbura bayan wata shida, wasu kuma sai an yi jana'iza ake cewa shawara ce ko iska. Cibiyar binciken sikila ta Jami'ar Abuja ta gwada a wuraren allurar rigakafi na Gwagwalada cewa da ɗigon jini daga diddigen jariri da ƙaramin abin gwaji, ana iya samun sakamako nan take. Wannan aiki ne da ƙungiya za ta iya ɗaukar nauyinsa a asibitin sha-ka-tafi guda ɗaya na unguwa, ranar da mata ke kawo jarirai allura. Kuskure biyu ake yawan yi a gwaji. Na farko, gwajin da aka saba yi wa manya kafin aure ba abin dogaro ba ne ga jariri sabon haihuwa, domin jinin da ya zo da shi daga ciki yana rufe sakamakon. Na biyu, wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce zai iya fitowa AS, wato mai ɗauke da gadon ciwon kawai, alhali SS ne. Masu gwajin gangami ba safai suke tambayar wannan ba.

Maganin da ya fi sauya rayuwar masu sikila shi ne haidiroksiyuriya. Yana ƙara irin jinin da jariri ke zuwa da shi, wanda ba ya lanƙwashewa kamar jinin mai sikila, sai tashin ciwo da kwanciya asibiti su ragu. A nan ne taimakon rabi da rabi ya fi yin ɓarna. Da nauyin jiki ake auna shi, kimanin miligiram 15 zuwa 20 a kowane kilo a rana, ke nan yaro na girma ana sake awo. Amfaninsa ba ya bayyana sai bayan wata uku zuwa shida. Yana kuma iya rage ƙarfin ɓargo, shi ya sa ake ƙirga ƙwayoyin jini kowane wata da farko, daga baya duk bayan wata biyu ko uku. Wanda ya saya wa yaro maganin wata ɗaya ya tafi, an yi ba a yi ba ke nan. Wanda kuma ya biya magani ya manta da kuɗin gwaji da na keke napep zuwa asibitin koyarwa da ke Lamingo, ya yi tuya ya manta da albasa.

Ga masu cewa bincike aikin Turawa ne, amsar tana Kano. Kusan yaro ɗaya cikin goma masu SS kan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 20. Akwai na'urar da ake ɗora wa yaro a gefen kai ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, haɗarin ya yi yawa. A Amurka ƙarin jini ake yi wa irin waɗannan yara kowane wata, abin da ba zai yiwu ga yawancin iyalanmu ba. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt sun nuna cewa haidiroksiyuriya na rage wannan haɗari ƙwarai. Attajirin da ke neman sadaka mai gudana, ga ta: na'urar, horar da ma'aikatan jinya biyu ko uku da za su riƙa amfani da ita, da kuɗin gyaranta. Na ƙarshen nan shi ake mantawa, shi ya sa injinan kyauta ke zama kayan ado a ɗakunan ajiya.

Za a ce da babu gara ba daɗi, kuma gangami yana wayar da kai. Gaskiya ne, musamman kan gwaji kafin aure, inda har yanzu wasu ke ɗauka cewa idan AS ya auri AS, ɗa na huɗu ne kawai zai fito da ciwon, alhali kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Limamai da fastoci sun fi kowa iya gyara wannan fahimta. Sai dai gangamin da ya gano yaro bai rubuta sunansa da lambar wayar uwarsa ba, bai kuma haɗa shi da likitan da zai ci gaba da ganinsa ba, tayar da hankalin gida kawai ya yi.

Haka batun jini. Jakar jini ba ta wuce kimanin kwana 35 a firji, don haka tara jaka ɗari a rana ɗaya ba ya maganin buƙatar Disamba. Abin da ya fi shi ne jerin masu bayarwa da aka san rukunin jininsu, namiji duk wata uku, mace duk wata huɗu, a rarraba su cikin shekara. 'Yan agajin masallatai da matasan majami'u na da yawan da za su riƙe wannan jeri tare da cibiyar ajiyar jini ta ƙasa da ke Jos.

Wajen kuɗi kuwa, shawarata ita ce ƙungiya ta rage yawan yaran da take iƙirarin taimakawa. Ta ɗauki talatin ko hamsin, ta lissafa kuɗin kowane na shekara cikakkiya kafin ta yi alkawari, ta biya kai tsaye a ɗakin maganin asibiti maimakon miƙa tsabar kuɗi, ta duba ko biya musu inshorar lafiya ta jiha zai fi sauƙi. Mai bayarwa kuma kada ya ji kunyar tambaya: cikin yaran da kuka ɗauka bara, nawa ne har yanzu ke shan magani, nawa aka kwantar, nawa suka daina zuwa, kuma wa ya bi su gida ya ji dalili?