Telan Aboabo bai ci gadon kowa ba

Mako uku ke nan wani gajeren labarin ban dariya yake yawo a wayoyin mutanen zangon Kumasi. Babi-babi yake zuwa ta WhatsApp, da Hausarmu ta nan wadda ba ta rasa ɗigon Twi, harshen mutanen Asante, a ciki. A majalisar da nake zama bayan Isha'i a Aboabo, wani matashi ne yake karanta mana da ƙarfi, butar ataya na kan gawayi. Daren da aka kai babin rabon gado an yi dariya har wani ya ƙware da shayi. Ana cikin haka wani dattijo da muke ganin girmansa ya miƙe, ya zura takalmansa, ya ce, "Yara, mutuwa kuke yi wa dariya? Allah ya shirye ku." Ya yi kwanaki bai sake zama da mu ba.

Tun ranar nake kasa kunne ga abin da masu karatu suke cewa, a motar haya ta trotro, a kasuwar Kejetia, a gidan suna, har a tsakar gidanmu. Abin da na tsaya a kai shi ne labarin ya cancanci dariyar da aka yi masa, kuma mafi yawan fushin da ya tayar ya sauka ne a kan wanda bai ci ba bai sha ba.

Ga wanda bai karanta ba, abokai biyu ne tun makarantar allo. Ɗaya ɗan wani Alhaji ne da ya yi arzikin goro, ya gina gida mai ɗaki 16 da shago ɗaya a bakin titi. Ɗayan maraya ne da ya koyi ɗinki, yana haya a wannan shagon. Ɗan Alhaji ya shekara ashirin ba sana'ar fari ba ta baƙi. Mai koko tana bin sa, mai wake da shinkafa tana bin sa, wanzami yana bin sa, kuma amsarsa ga kowa ɗaya ce: "A bari a raba gida." Telan kuwa kowace Sallah sai ya ɗinka masa kaftani, bai taɓa buɗe baki ya faɗi kuɗin ɗinki ba. Da Alhaji ya rasu malamai suka zauna lissafi. Mata 3, 'ya'ya maza 9, 'ya'ya mata 10. Tumunin matan ya kama ɗaki 2. Ragowar 14 aka kasa 28, namiji ya tashi da ɗaki guda, mace da rabin ɗaki. Ɗan Alhaji, bayan jiran shekara ashirin, ya gaji ɗakin da yake kwana a ciki tun yana yaro. A nan ne aka ƙware da shayi. Shagon bakin titi kuwa bai shiga lissafi ba, domin Alhaji ya bar takarda cewa na telan ne. Sauran labarin duk gudun telan ne. Ya ɓuya a masallaci, ya bi magada gida-gida yana ba da haƙuri kamar wanda aka kama da kayan sata, har ya je cikin dare ya rataye makullin a ƙofar liman, da asuba liman ya aiko almajiri ya mayar masa.

Dattijonmu shi ya fi cancantar amsa, don haka da shi zan fara. Na sake bin labarin daga farko, ban ga wurin da ya taɓa mamaci ko hukuncin Allah ba. Lissafin da malaman cikinsa suka yi daidai yake da abin da ke aya ta 11 da ta 12 ta Suratun Nisa'i. Wanda ake yi wa dariya mai rai ne, ƙato da lafiyarsa, wanda ya jingina cinsa da shansa da aurensa a kan ranar da za a ɗauki gawar mahaifinsa. Kowane lungu a Aboabo da Asawase da Sabon Zango yana da irinsa, kuma an yi musu wa'azi har an gaji. Hausawa sun daɗe da sanin cewa cikin wasa ake gaya wa wawa magana, shi ya sa muke da wasan jika da kaka, da na taubasai. Malamanmu ma ba su ƙi kaifin harshe ba. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna Salaga ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya rubuta doguwar waƙa da ajami a kan talauci da wadata, inda ya fallasa yadda mutane suke wulaƙanta matalauci su rusuna wa mai dukiya. Ciwon da ya gani a zamaninsa shi ne marubucin nan ya taɓo.

Kashi na biyu na masu karatu sun fi ba ni mamaki, kuma su ne suka fi yawa. Sun ce telan bare ne, ya shiga gidan mutane ya ci gadon marayu. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa: Alhaji ne ya rubuta takardar da hannunsa, amma telan ake zagi. Shari'a ta ba mutum damar yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba, kamar yadda ya zo a hadisin Sa'ad bin Abi Waƙƙas, kuma ba a yin wasiyya ga magaji. To in ba a yi wa magaji, wa za a yi wa? Ai dama ƙofa ce da aka buɗe domin aboki da maƙwabci da yaron gida da duk wanda ya yi wa mutum hidima ba tare da jini ya haɗa su ba. Shago ɗaya a gefen ɗaki 16 ko kusa da sulusi bai kai ba.

Sannan a ce mu mutanen zango ne muke kiran aboki bare, wannan abin yana yi mini ciwo. Kalmar zango ita kanta ma'anarta masaukin ayari. Kakanninmu fataken goro da dillalan shanu sun iso ƙasar Tonawa, wato Asante, ba uwa ba uba, maigida ya sauke su, ya ajiye musu kuɗi, ya tsaya musu wajen aure, in sun mutu ya yi musu sutura. A ƙarshen 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar Ghana, wani aminin kakana ya danƙa masa makullan gidansa ya hau mota zuwa Najeriya. Na taso na tarar da littafin da kakana yake rubuta kuɗin hayar gidan da ajami, wata-wata, yana aika masa ta hannun direbobin goro. Ba su haɗa ko da ƙauye ba. Da amana irin wannan aka gina gidajen da muke faɗa a kansu yau.

Akwai sukan da na karɓa hannu biyu, kuma daga mata ya fito. Goggona, da aka karanta mata, ba ta yi dariya ba. Cewa ta yi, "Ɗana, mata uku ɗaki biyu, wa ya kwana a ina? Ita kuma mai rabin ɗaki, ina za ta sa gadonta?" Marubucin ya wuce wannan da gudu, alhali nan ne hayaƙi yake tashi a gidajenmu. Rabin ɗaki ba ya kwantuwa. Abin da aka saba gani shi ne maza su zauna a ɗakunan, su karɓi kuɗin hayar shekara biyu a hannun baƙo, 'yar'uwar da ke aure a Nima ko Tamale sai dai ta ji labari. Kuma mu a Ghana da wata doka a kanmu, Dokar PNDC ta 111, wadda gwamnatin soja ta wancan lokaci ta kafa a shekarar 1985. An kawo ta ne musamman don kare matar mamaci da 'ya'yansa, saboda a al'adar maƙwabtanmu Tonawa gado ta ɗakin uwa yake bi, ɗan 'yar'uwa ya gaji kawunsa. Dokar ta hau kan duk wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, ko wane addini yake bi. In gida ɗaya ne ya bari, na matarsa ne da 'ya'yansa tare, kuma ba ta bambanta ɗa namiji da 'ya mace. Rabon da malam ya yi a zaure yana tsayawa ne muddin kowa ya yarda. Ranar da mutum ɗaya ya nufi kotu, wani lissafin ne daban. Mai son a raba masa dukiya bisa Shari'a sai ya rubuta, ya sa hannu a gaban shaidu biyu, yadda dokar wasiyya ta 1971 ta tanada. Alhajin labarin ya tuna da telansa a takarda, ya bar matansa uku ga bakin 'ya'yan kishiyoyi. Goggo tana da gaskiya, kuma marubucin yana da bashin wani labarin a wuyansa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Matasan majalisarmu sun yanke wa telan hukunci tun babi na uku: wawa ne, ba shi da zuciya. Manya kuma suka yabe shi, suka ce ga kunya, ga tawali'u, ga ɗan halak. Ina ganin duka biyun sun kuskure. Abin da ke damun telan raina kai ne, kuma mun saba sa masa rigar tawali'u har mun daina gane shi. Mai tawali'u ya san darajarsa, ya zaɓi ya sassauta. Telan kuwa ya yarda har zuciyarsa cewa shi ba kowa ba ne. Akwai wurin da marubucin ya nuna shi ya shiga zauren ta'aziyya, benci ga shi babu kowa a kai, ya wuce ya tsuguna kusa da takalma. Wurin ya ba mutane dariya, ni kuwa jikina ne ya yi sanyi, domin na san masu yin haka da idona. Mutum ne da ya shekara ashirin yana biyan haya ranar ɗaya ga wata, wanda shi ne yake kwana da Alhaji a asibitin Komfo Anokye lokacin da 'ya'yan cikinsa suke gida suna ƙirga ɗakuna, amma da aka ce ga sakayya, kalmar da ta fara fita bakinsa ita ce, "Ni wane ne?"

Daga ina ya samo wannan tambayar? Daga wurinmu. Idan yaro ya zo neman aure, kafin a tambayi sana'arsa ko halinsa sai an ce ɗan gidan wa ne. Bakanike a Suame Magazine, unguwar kanikawa ta Kumasi, yana iya kwance inji ya mayar da shi ido rufe, yana ciyar da mutum goma, amma in ya shigo unguwa sai ya rage murya a gaban ɗan mai gida wanda ko kuɗin koko ba shi da shi. Mun raba samari gida biyu, masu jiran gado da marasa abin gada, muka koya wa na farko cewa darajarsa tana nan zuwa, muka koya wa na biyu cewa tasa ba za ta zo ba.

Shi ya sa nake ganin ciwon abokan nan biyu ɗaya ne. Ɗan Alhaji da ke taƙama da babbar riga shi ma bai yarda hannunsa zai iya samar da komai ba. Duk cika bakinsa a kan ginin wani yake, da aka ba shi ɗakinsa na yarinta sai ya zama ba shi da abin faɗa. Kuma kowannensu ya taimaka wa ɗan'uwansa ya dawwama a haka. Ɗinkin kyauta na kowace Sallah da ake kira zumunci, shi ne ya hana ɗan Alhaji jin zafin rashin sana'a, shi ne kuma ya tabbatar wa telan cewa aikin hannunsa bai kai a biya ba. Masu cewa abotarsu ta lalace bayan gado ban yarda da su ba. Kafin gado, ɗaya yana gaba ɗaya yana riƙe jaka. Marubucin ya fahimci wannan sosai, kuma da ya zo da shi a wa'azi da babu matashin da zai kai babi na biyu.

Babin ƙarshe shi ya fi jawo gardama. Telan ya gaji da gudu, liman ya zaunar da shi ya ce masa ƙin karɓar halal ɗinsa ba ibada ba ce, ya buɗe shagon. Sallah ta matso, ɗan Alhaji ya shigo da shadda a hammata yadda ya saba, ya ajiye a kan tebur zai juya. Telan ya gwada faɗa sau biyu murya tana maƙalewa, a na uku ya ce, "Sidi 150 ne." Mutane da yawa sun ce shi ke nan, shago ya canza shi. Ni a wurina ranar ce ya fara ɗaukar abokinsa a matsayin namiji mai iya biya, ya kuma ɗauki kansa a matsayin mai sana'ar da ake biya. Ɗan Alhaji ya yi fushi ya fita, bayan kwana biyu ya dawo da sidi 40, ya tambaya ko akwai aikin guga a shagon.

Daren da aka karanta wannan babin dattijonmu ya dawo majalisa. Bai ce komai a kan tafiyarsa ba, mu ma ba mu tayar ba. Aka miƙa masa ataya, ya saurara har ƙarshe, sannan ya dubi mai karatun ya ce, "Yaro, koma baya kaɗan. Nawa ya ce masa?"

"Sidi 150, Baba."

Ya kurɓi shayinsa, ya ajiye kofin a gefen tabarma. "Kaftani da aiki a wuya? Ai ya yi masa sauƙi."