Ranar da Aka Yi wa Benz ɗin Alhaji Ƙaho a Magazin

Duk wanda ya zauna Kumasi ya san Suame Magazin, inda ake cewa in ka shiga da ƙusa ɗaya kana iya fitowa da mota. Sunan wurin daga rumbun makaman sojojin Turawa ya samo asali, amma yau babu harsashi, sai guduma da walda da baƙin mai. A wani lungu can ciki garejin Masta yake, mutumin Zangon Aboabo. Ranar wata Asabar da hantsi Benz 190 ɗin Alhaji ta shigo, ba ta tsaya ba sai da ta rungumi tulin tsofaffin tayoyi.

MASTA: Maraba da Alhaji! Ai da kun tsaya a bakin ƙofa, da mun zo mun tarye ku.

DIREBA: Mu ma can muka yi niyyar tsayawa, Masta. Motar ce ba ta yi niyya ba.

ALHAJI: Rufe min baki. Masta, ba wani abu ba ne babba. Ɗan ɗaure birkin za ka yi, sauri nake.

DIREBA: Masta, bari in faɗa maka gaskiya ko da za a kore ni. Jiya daga Ejura muke, buhun masara uku a but, doya a kujerar baya. Muna gangaro dutsen Mampong na taka birki, sai na ji kamar sakwara na taka. Na sake takawa, ƙafata ta kai ƙasa. Alhaji da ke gyangyaɗi ya farka yana kalmar shahada.

ALHAJI: Zikiri nake yi. Kullum ina yi.

DIREBA: Da giyar mota da birkin hannu muka iso Jamasi. Muka sha koko, muka huta. Na dawo na taka, birki ya dawo garau kamar bai taɓa yin laifi ba.

ALHAJI: Ka ji ko? Ya warke da kansa. Ko dai sammu ne aka yi, ya karye.

Masta bai tanka ba. Ya buɗe bonet, ya kwance murfin robar man birki, ya leƙa, ya kira yaronsa shi ma ya leƙa.

YARO: Masta, wannan mai ne ko ruwan kwata?

MASTA: Alhaji, yaushe rabon da a canza man nan?

ALHAJI: A canza? Tun da na sayi motar ba ta taɓa nema ba. In ya ragu dai a ƙara.

MASTA: To ba sammu ba ne. Tafasa ya yi.

ALHAJI: Tafasa? A mota nake ko a madafa?

MASTA: Man birki kamar gishiri yake a damina, yana jan danshi daga iska ko ba wanda ya zuba masa ruwa. Sabon mai irin na motarka, mai lamba DOT 4, sai zafi ya kai digiri 230 kafin ya tafasa. In ya sha ruwa wajen kashi 4 cikin 100, digiri 155 ma ya ishe shi. Kuna gangara, direba ya kwanta a kan birki, ƙarfe ya yi zafi, man ya tafasa ya zama tururi. Shi mai ba ya matsuwa, in ka danna shi nan sai ya danna can. Tururi kuwa sai ya lotse kamar soso. Da kuka sha koko ya huce, shi ne ya dawo.

ALHAJI: Ruwa a birkina? Kai, dube ni nan. Kai ka zuba?

DIREBA: Sau ɗaya ne, Alhaji, ranar da ka hana kuɗin mai. Kuma ba ruwa zalla ba ne, da omo na haɗa.

MASTA: Inna lillahi. Yaro, ɗauko tukunyar. Bilidin za mu yi, mu wanke layin gaba ɗaya.

ALHAJI: Mene ne kuma bilidin?

YARO: Ƙaho ne, Baba Alhaji. Yadda wanzami ke zuƙe mataccen jini.

ALHAJI: To wanzami na Asawase ba ya karɓar kuɗi da yawa, ku sani.

Yaro ya shiga ɗaki ya fito da wata farar tukunyar roba mai famfo a ka, da geji a gefe, da tiyo mai murfi a bakinsa. Yana tafe yana ɓata rai.

ALHAJI: Wannan ai abin feshin gonar koko ne. Ƙwari kuka gani a motar?

MASTA: Injin bilidin ne. A zuba sabon mai a ciki, a ɗaura murfin nan a bakin robar, a buga iska. Iskar ta tura sabon mai, sabo ya kori tsoho.

ALHAJI: Tsaya. Ka ce iska ce ta ɓata birkin.

MASTA: Haka ne.

ALHAJI: Yanzu kuma iska za ka buga ka gyara shi.

MASTA: Haka ne.

ALHAJI: Wato ɓarawo za ka ɗauko ya yi gadin ɓarawo.

MASTA: Iskar tana sama a cikin tukunya, man yana ƙasa, bakin tiyo kuma a ƙasa yake. Muddin mai bai ƙare a tukunyar ba, iska ba ta da hanyar shiga.

YARO: Ni dai tun da aka sayo abin nan darajata ta faɗi. Da ni ne a kujerar direba. Masta yana ƙarƙashin mota yana ihu, danna, danna, danna, riƙe! Ni kuma ina riƙe kamar mai mota. Shekara uku ina koyon danna-riƙe, rana ɗaya roba ta ƙwace min aiki.

MASTA: Faɗa masa dalili mana. Ina cewa riƙe, shi yana kallon mai wake da shinkafa. Ya saki feda ina buɗe, iskar da na fitar ta koma da ƙannenta.

YARO: Sau biyu ne kawai.

MASTA: Ban da haka, Alhaji, tsohuwar mota irin wannan in aka yi ta kai feda har ƙasa, robar cikin masta silinda, famfon da feda ke dannawa ya tura mai, tana bi ta inda ba ta saba bi ba, inda tsatsa ta taru, sai ta yage. Ka zo gyaran ido a tsone maka shi.

ALHAJI: Wane ne kuma masta silinda? Na ɗauka kai kaɗai ne Masta a nan. Kada ku ce shi ma sai na biya shi.

Masta ya sa sirinji ya zuƙe baƙin man da ke cikin robar, ya goge, ya cika ta da sabo. Ya ɗaura murfin injin, ya fara buga iska tukunyar tana fanko, don ya ga ko murfin na yoyo. Allura ta tsaya cak. Sai ya sauke iskar, ya juye lita guda ta sabon mai a tukunya, ya sake bugawa.

ALHAJI: Lita guda! Ai wannan ya ishe ni har jikokina. Ba ni da man inji a but? Mai ai mai ne.

MASTA: Ɗigon man inji in ya shiga nan, duk robobin birki sai su kumbura kamar ƙosai. Sannan za ka san kuɗi.

ALHAJI: To wancan da aka rubuta 5 fa? Ai 5 ta fi 4.

MASTA: Wancan mai ruwan shuni jinsinsa daban ne, ba ya haɗuwa da wannan. Abin da aka rubuta a murfin motarka shi za ka ba ta. Yaro, nawa allura?

YARO: Tana kan 15, Masta.

ALHAJI: 15 kacal? Ni da likita ya auna ni a asibitin Komfo Anokye 160 ya samu, kuma ga ni a tsaye. Ƙara mata ta kai 40 mu gama da wuri.

MASTA: Tsakanin 10 da 15 ake tsayawa. Ka kai 40 robar ta tashi, man ya yi wa motarka wanka. Kuma ka ji da kyau, man birki yana cin fenti kamar yadda gara ke cin azara.

ALHAJI: Fentin Jamus ne wannan. Ba ya jin tsoron kowa.

Aka ɗaga mota a jak, aka cire tayoyi. Masta ya ɗauki sifana da siririn tiyo da kwalba ya nufi tayar baya ta dama.

ALHAJI: Ina za ka? Birkin ai a gaba ake taka shi.

MASTA: Wanda ya fi nisa ake fara sallama, kamar rabon goron biki. Sitiyarinka a hagu yake, silinda ma a hagu. Sai baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Akwai motocin da nasu tsarin daban ne, amma taka haka take.

ALHAJI: Ni za ka koya wa hagu da dama? Ina riƙe da sitiyari a 1974 ranar da ƙasar nan ta koma tuƙi a hannun dama.

DIREBA: Kuma har yau in ya karɓi mota tsakiyar titi yake bi, don kada ya ɓata wa kowane ɓangare.

Masta ya maƙala tiyo a kan ɗan nonon kalifa, wato ƙarfen da ke damƙe faifan birki, ya murɗa kaɗan. Baƙin mai ya fara gangarowa cikin kwalba da kumfa tsil-tsil. Babu danna, babu riƙe. Yaro ya tsaya gadin geji, in allura ta sauka ya ƙara bugu biyu, yana tsaki.

YARO: Dubi aikin da na koma. Mai gadin agogo.

MASTA: Ka gadi tukunyar ma. In ta ƙafe, daga farko za mu sake, kuma a abincin ranarka zan cire.

Sannu a hankali baƙin ya koma ruwan shayi, shayin ya koma kalar man gyaɗa, kumfa ta ɗauke. Masta ya ɗaure. Haka aka yi wa ta baya hagu. Aka zo gaba dama, mai ya fito tas. Aka gama ta hagu, aka sa Direba ya taka.

DIREBA: Ya fi da, amma har yanzu da sauran sakwara.

Masta ya yi shiru. Ni da na san shi, in ya yi irin wannan shirun, ko dai kuɗinsa ya maƙale ko ya hango abin kunya. Ya koma tayar gaba ta dama ya tsuguna, ya daɗe yana kallo.

MASTA: Ni ma da na buɗe ɗazu hankalina yana kan surutu. Alhaji, wa ya ɗaura kalifar nan?

ALHAJI: Ni na sayo da kaina, hom-yus, na hannu daga waje, daga jirgi. Wani yaro a bakin titi ya ɗaura.

MASTA: Nonon yana kallon ƙasa. Iska sama take hawa ta maƙale. Ko tankar mai za mu tura ta nan, ba za ta sauko ta fita ba. Wannan kalifar hagu ce aka ɗaura a dama.

ALHAJI: E, biyun duka na hagu ne. Mai kayan ya ce na dama sun ƙare, ya yi min ragi mai kyau.

YARO: Baba Alhaji, takalmanka ma haka kake saye?

ALHAJI: Masta, ja kunnen yaronka. To tunda sama take so, ku kifa motar mana. Ga ku da yawa a Magazin.

Sai da aka yi rabin awa ana ja-in-ja kafin Alhaji ya juya baya ya zaro kuɗi daga aljihun ciki. Yaro ya ruga layin masu kayan Benz ya dawo da kalifar dama. Aka ɗaura, nono yana kallon sama. Masta na murɗawa iska ta fito fuuu, kamar wadda ta shekara a kurkuku. Direba ya taka, feda ta tsaya ƙyam a sama.

DIREBA: Allahu akbar! Masta, ashe haka birki yake? Ni na ɗauka sai an roƙe shi.

Yaro ya kai hannu zai kwance murfin da ke kan robar motar, Masta ya make hannun. Ya fara sassauta kan tukunyar, iska ta fice, allura ta kwanta a sifili, sannan ya cire murfin, ya daidaita man a kan layin da aka zana.

MASTA: Alhaji, aiki da mai, sidi 300. Ka dawo bayan shekara 2 a sake.

ALHAJI: Miliyan 3! Don ka buga iska?

MASTA: Tun 2007 aka yanke sifili huɗu, Alhaji.

ALHAJI: A takarda aka yanke, ba a zuciyata ba. Iskar ta Allah ce, ba saye ka yi ba. Yaronka bai danna komai ba, a cire kuɗin ƙafa. Kuma ina tsohon man? Nawa ne, da kuɗina na saya.

MASTA: Me za ka yi da shi?

ALHAJI: In ya kwanta a tace. Kai, miƙo kwalbar.

Kwalbar ba ta da murfi, jikinta kuma duk mai ne. Alhaji ya karɓa ya dasa ta a tsakiyar bonet, don hannuwansa biyu su samu damar ciniki. Suka fara daga 100. Rana ta take, aka kira azahar a masallacin layi, suka je suka dawo suna kan 180. Can wajen 220 Direba ya ɗaga kwalbar zai sa a but, sai ga zobe a bonet, fentin ya tattare kamar fatar tsohuwa, da wani layi da ya gangara har kan tambarin.

DIREBA: Alhaji... fentin Jamus ya ji tsoro.

Alhaji ya kalli bonet, ya kalli kwalba, ya kalli Masta.

YARO: Baba Alhaji, mai fenti yana nan bayanmu, ƙanen Masta ne. Shi ma da iska yake aiki.