"Ni tura fim nake yi, Hajiya, ba tarbiyya ba"

Tun jiya Asabar abin nan yake cina, in ban amayar da shi ba hawan jini zai kwantar da ni.

'Yata ta biyu shekararta 11. Hutun nan ta ishe ni da maganar wani fim mai dogon zango da ƙawayenta na Islamiyya suke ta zuzutawa, wai na 'yan makarantar kwana ne a ƙasar Turawa, wata ɗaliba ta ɓace, ƙawayenta suna bin sawu. Na ba yayanta memori da naira 300 ya turo mata. Daren Juma'a aka kawo wuta wajen ƙarfe goma, ina ninke wanki, na ɗaga kai na kalli talabijin. Ba zan rubuta abin da na gani ba, akwai sa'o'in iyayena cikin masu karantawa. Autana ɗan shekara 7 yana zaune gefenta, baki buɗe.

Kuma ba yau farau ba. Bara fassarar Hausa ce aka cusa mata ashar ɗin da ko a tasha sai an waiga kafin a faɗe shi. Kafin nan katun ne, ashe sunan katun kawai gare shi. Duk na haɗiye.

Da safe na hau keke daga Tudun Wada har Sabon Gari a nan Zariya, shagon da aka yi turin. Janareta na ihu, lasifika na ihu, samari sun cika benci. Sallama biyu na yi, ba wanda ya amsa. Mai shagon bai girmi ɗana na fari ba, abin sauraro a kunne, ido a kan kwamfuta.

Na ce, "Ɗan nan, fim ɗin da ka tura wa yarona shekaranjiya, na 'yan shekara nawa ne?"

Bai ɗago ba. "Wanne? Nan fim ya fi dubu."

Na faɗa masa sunan.

"Ai na yara ne. Ba ki gan su da yunifom ba?"

Madalla da wannan fatawa. Ashe yunifom ke halatta fim. Gobe in aka ɗinka wa Iblis wando da riga fara, aka rataya masa jakar littattafai, sai mu ba shi riƙon 'ya'yanmu.

Na danne zuciyata na ce, "Kai ka kalle shi?"

"Har sizin uku."

"Ka san abin da ke ciki ke nan, ka tura wa yaro?"

Sai a nan ya ga dama ya zare abin kunnen, guda ɗaya, ɗayan ya bar shi, kada in ɗauka na kai a ba ni kunne biyu. Ya dube ni daga mayafi har takalmi, ya ce, "Hajiya, ni tura fim nake yi, ba tarbiyya ba. In kina son sanin abin da ke ciki, ki zauna ki kalla."

'Yan benci suka tuntsire da dariya. Ni da na shekara 19 riƙe da alli a firamare, ƙila ma akwai wanda na koya wa baƙi da wasali a cikinsu. Na miƙa memorin na ce to ya goge. Ya ce gogewa naira 100 ce.

Wai in zauna in kalla. Kashi 10 ne kowane sizin, kowane kashi minti 45, sizin uku, awa 22 da rabi ke nan. Wutar da layinmu ke gani a mako ba ta kai haka ba. Yaushe zan dafa tuwo, yaushe zan duba jarrabawar ɗalibai, da wane man janaretan?

Abin da ya fi ƙona min rai, su kansu masu yin irin waɗannan finafinan ba su ce na yara ba ne. A Netflix, kamfanin nan mai nuna finafinai ta intanet, ana rubuta 13+, 16+ ko 18+ a jiki, akwai ɓangaren yara daban, akwai lambar sirri da uwa za ta kulle. A 2019 ma kamfanin da kansa ya yanke wurin da wata ɗaliba ta kashe kanta a wani shirin 'yan sakandare da ya saki tun 2017, saboda surutun da likitoci da iyaye suka yi a Amurka. Amma kafin fim ya biyo ta intanet ya sauka a kwamfutar shago ya faɗo memorinmu, duk wannan gargaɗin ya zube a hanya. Dattin ne kaɗai ke isowa lafiya.

A takarda kuwa ba abin da muka rasa. Tun 1993 ƙasar nan take da hukumar tace finafinai, da matakanta na 12 da 15 da 18. Kano ta kafa tata a 2001. To wa ya taɓa ganin lamba ɗaya a jikin abin da ake tura wa yara a Kwangila, ko Samaru, ko Ƙofar Doka? Gwamnati ta san hanyar shagunan nan sarai, ranar karɓar haraji ba ta ɓata, da rasit ɗinta take zuwa. A ce wa mai shago ya liƙa takarda a bango, wannan na manya, wannan na yara, shi ne ya gagara.

Mu ma ba mu fita ba. Yaro ya yi kuka, a miƙa masa waya a huta. Uba yana majalisa har sha ɗaya yana zagin lalacewar zamani, zamanin kuwa yana ɗakinsa a jone da caji. Garin da muke taƙama da shi wai cibiyar ilimi, ga jami'a ga kwalejoji ga zaurukan malamai, amma an rasa mutum ɗaya da zai kalli abin nan ya rubuta mana layi uku da Hausa: akwai kaza a ciki, kada ɗan ƙasa da shekara kaza ya gani.

Memorin yana ƙulle a bakin zanena. Yarinyar tun jiya ba ta yi min magana ba, sai ɗazu da ta zo ɗaukar kwano ta ce, "Umma, ki bar shi kawai. Ranar Litinin a Islamiyya za a faɗa min wanda ya kashe ta."